Me ake nufi da "fulop"? A tambayi Jack Watts

Kwanakin nan da wuya ka kunna shirin wasanni a rediyo, ko ka yi minti goma a gidan kallon ƙwallo, ba ka ji wani ya ce "fulop" ba. Ɗan wasa ya ɓarar da ƙwallo ɗaya gaban raga, fulop ne. An sayo shi a watan Agusta, Satumba ta ƙare bai ci ba, fulop ne. Rannan har wani mai kiran waya na ji a shirin safe yana kiran kansilan mazaɓarsu fulop, mai gabatarwa ya ƙyalƙyale da dariya ya karɓi kira na gaba. Kalmar ta zama gishiri, kowace miya sai an barbaɗa ta.

Kowa ya san daga Turanci aka aro ta, kuma tana nufin wanda ya gaza, don haka ba zan tsaya nan ba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke faɗarta kamar wata siffa ce da aka haifi mutum da ita, irin a ce wane dogo ne, wane bahago ne. Alhali lissafi ne. Asalinta kwaikwayon sauti ne, ƙarar abin da ya zube ba ƙarfi, kamar yadda mu za mu ce ya faɗi yaraf. Daga nan masu wasan daɓe da masu shirya fim suka ɗauke ta suka liƙa wa shirin da aka narka wa kuɗi, aka cika gari da talla, ranar buɗewa kujeru suka kwana babu kowa. Ka ga a cikin kalmar akwai kuɗi, akwai buri. Yaron da aka ɗauko kyauta daga ƙaramar ƙungiyar unguwa ba zai taɓa zama fulop ba ko da bai iya tsayar da ƙwallo, domin ba wanda ya sa rai da shi. To idan haka ne, duk wanda ya ce wane fulop ne, rabin maganarsa a kan wanda ya yi cinikin take, ya sani ko bai sani ba.

Misalin da ya fi fito min da wannan fili daga wani wasa yake wanda yawancinmu ba mu kallo, wato ƙwallon Ostireliya. Wasan da suke yi da dare a Melbourne da hantsi ne a wajenmu, don haka ni na kan leƙa shi a waya ranar Asabar kafin a fara na Ingila. Mutum 18 ne kowane ɓangare, a kan ƙaton fili mai siffar ƙwai, ƙwallon ma haka take. Ana bugunta da ƙafa, ana naushinta da hannu zuwa ga abokin wasa, ana rungumo wanda ke riƙe da ita a kayar. Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshen fili: ka buga ta ratsa tsakanin na tsakiya maki shida, ta bi gefe maki ɗaya. Wanda kuma ya cafe ƙwallon da aka bugo daga nisan mita 15 ko fiye kafin ta taɓa ƙasa, an ba shi damar bugu ba mai taɓa shi. Wannan cafkar ita ce abincin dogayen 'yan gaba.

Su a can ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar yadda Chelsea ko Madrid ke yi. Ƙarshen kowace shekara ana jera matasa 'yan shekara 18 ko kusa da haka, ƙungiyoyi su riƙa zaɓa bi da bi, wadda ta zo ta ƙarshe a gasa ita ke fara ɗauka. Daraf suke kiransa. Saboda haka farashin yaro shi ne lambar da aka ɗauke shi. Na ɗaya kuwa, ƙungiyar ta saye shi ne da shekara guda ta shan kashi, kuma magoya baya ba sa mantawa da wannan bashin. Kalmar da suka fi amfani da ita ga wanda bai biya ba ita ce "bost", wadda ta samo asali daga fashewa, kuma ita ake faɗa wa ɗan kasuwar da ya karye. Duk kanwar ja ce da tamu fulop ɗin.

A ƙarshen 2008 ƙungiyar Melbourne ta zo ta ƙarshe da nasara uku kacal, ta ɗauki Jack Watts a lamba ta ɗaya. Yana da shekara 17, tsayinsa santimita 196, ya iya ƙwallon kwando, ga gudu ga ƙafa mai saiti. Ƙungiyar West Coast ta ɗauki Nic Naitanui a lamba ta biyu, kuma wannan sunan ya bi Watts kamar inuwa har ya yi ritaya, don duk sanda Naitanui ya yi tsalle ya burge, sai an waiwayo an ce ga wanda kuka bari. A lokacin, Melbourne ba ta ɗauki kofi ba tun 1964. Suka miƙa wa yaron riga mai lamba 4, wadda Norm Smith, gwarzon ƙungiyar, ya taɓa sawa. Wato tun bai taka fili ba an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfin wuyansa.

Ranar da aka fara sa shi ita ce ta fi tsaya min a rai. Watan Yuni na 2009 ne, ranar hutun zagayowar haihuwar Sarauniyar Ingila, wasan da Melbourne da Collingwood ke yi duk shekara a MCG, babban filin wasa na birnin Melbourne. Yaron bai ma gama sakandare ba. Ƙungiyar na shan kashi, tana neman abin da zai jawo 'yan kallo, sai ta yi ta shelar cewa ranar za a ga Watts. Ya shigo, ƙwallo ta zo wajensa karon farko, kafin ya san inda zai kai ta 'yan Collingwood uku sun rufar masa, sun danne shi a ƙasa, suna ta ture shi bayan an busa. Siririn yaro a ƙarƙashin ƙarti, filin kuma ya ɗauki ihu. Shekaru da yawa bayan nan, in za a yi maganarsa a talabijin sai an sake nuna wannan hoton. Ni dai ban ga gazawar ɗan wasa a ciki ba, na ga manya da suka tsige mangwaro ɗanye suka kai kasuwa don suna bukatar kuɗin cefane.

Yanzu mu zo kan abin da masu cewa fulop ke tsallakewa, wato gurbi. An ɗauki Watts ne don ya zama babban ɗan gaba, irin wanda ake dasawa gaban sanduna, a riƙa ɗago masa ƙwallo sama, ya yi kokawa da mutum biyu ko uku ya cafe. Aikin ƙarfi ne da faɗin ƙirji, kuma su kansu masu wasan sun san dogayen 'yan gaba ba sa nuna da wuri, sai sun haura shekara 23 jikinsu ke cika. Amma baiwar Watts ba a kokawa take ba. In ya samu sarari, ya ɗaga kai, zai aika ƙwallo ta sauka a ƙirjin abokinsa daga nesa kamar da hannu ya ajiye ta. Tsayinsa ya ruɗi mutane. Sun ga jikin ɗan dambe, suka ƙi yarda cewa tela ne.

Sai aka shiga yawo da shi. Cikin shekara tara a Melbourne ya yi aiki ƙarƙashin koci shida in aka haɗa da na riƙon ƙwarya: Dean Bailey, Todd Viney, Mark Neeld, Neil Craig, Paul Roos, Simon Goodwin. An kori Bailey a 2011 bayan Geelong ta lallasa su da tazarar maki 186. Neeld ya mayar da Watts baya a 2012, ya riƙa share ƙwallo yana fara kai hari daga can. A 2013 ƙungiyar wasa biyu ta ci duk shekarar, aka sallami Neeld. Roos ya gwada shi a tsakiya da gefen fili. Tsakanin haka an sha sauke shi zuwa ƙaramar ƙungiyarsu ta Casey wai ya je ya koyo zafin nama. Kowane koci da nasa karatun, kuma duk wanda ya zo sai ya goge allon ya sake masa sabon rubutu. Akwai sunan da suke ba irin wannan ɗan wasa, "yutiliti", mai buga ko'ina. A kunne kamar yabo ne. Sau da yawa kuwa ma'anarsa ita ce har yanzu ba mu san abin da za mu yi da shi ba.

Kuma a tuna, ɗan gaba a ƙungiyar da ke cin wasa biyu a shekara kamar mai shago ne a layin da ba a bi. Ƙwallon ba ta zuwa, in ta zo a gurguje take, sama-sama, masu tsaron baya uku na jiranta. Ka ƙirga ƙwallayen da ya ci ka ce bai yi ba, to me ka auna? Shi, ko mutum goma sha bakwai da ke bayansa?

A 2016 aka bar shi wuri ɗaya, a gaba amma ba a matsayin ginshiƙi ba, yana fitowa sarari yana karɓa yana rabawa, manyan masu kokawar suna ciki. Ya ci ƙwallo 38, shekararsa mafi kyau. A 2017, a irin wannan wasa na ranar Sarauniya, da Collingwood ɗin dai, shi ya ruga da ƙwallo ana dab da tashi ya ci wadda ta tabbatar wa Melbourne nasara. A ganina nan ne gurbinsa tun farko, kuma shekara bakwai aka ɓata kafin a yarda.

Kada a ce na wanke shi tas. Masu sukarsa suna da abin riƙewa. A wannan wasa suna raba ƙwallon da ka samu kashi biyu, wadda aka miƙo maka kana sarari da wadda ka ƙwato cikin turmutsutsu, kuma a ta biyun Watts bai taɓa yin fice ba. Akwai lokutan da ake ganin ya ja jiki inda ya kamata ya sa kai. Koci shida ba za su haɗu a kan ƙorafi ɗaya a ce duk sharri ne ba. Abin da nake musu shi ne a tattara wannan duka, da laifinsa da na waɗanda suka rene shi, a dunƙule cikin kalma ɗaya a manna masa a goshi. Ya buga wa Melbourne wasa 153, ya ƙara 21 a Port Adelaide, inda ya karye a ƙafa a farkon 2019, ya ajiye wasa a 2020. Wasa 174 ke nan, a gasar da yara da yawa da ake ɗauka a daraf ba sa kai hamsin. Da a lamba ta 40 aka ɗauke shi, da cewa za a yi Melbourne ta yi tsintuwa.

Wasu kuma canjin gurbin ne ya cece su ƙiri-ƙiri. Liam Jones ya yi shekaru yana fama a matsayin ɗan gaba, a Western Bulldogs sannan a Carlton, har an fara yi masa kallon wanda za a sallama. A 2017 aka mayar da shi mai tsaron baya, sai ga shi yana hana manyan 'yan gaban gasar sakat. Darcy Moore ma a gaba ya fara a Collingwood, aka mayar da shi baya, ya shiga jerin gwanayen shekara, shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga kofi a 2023. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ɗan gaba shi ke ƙirƙiro hanya yana juya wa sanduna baya, mai tsaron baya kuwa wasan na zuwa masa ta gaba, yana karanta shi. Wani idonsa na wannan ne, wani na wancan. Mu ma mun ga irinsa a namu wasan. Chelsea ta yi ta bayar da aron Victor Moses, Liverpool, Stoke, West Ham, har Antonio Conte ya zo a 2016 ya ba shi gefen dama gaba da baya, suka ɗauki kofin Firimiya da shi. Waɗanda suka kira shi fulop a gidan kallo su ne suka fi kowa ihu a shekarar, kuma ban ji wanda ya janye maganarsa ba.

Da za a bi tawa, da kalmarmu ta kasuwa muka riƙe: kwantai. In an ce kaya sun yi kwantai, ba a yanke hukunci cewa marasa kyau ne ba. Mai yiwuwa an kai su kasuwar da ba tasu ba, ko an tsuga musu kuɗi, ko an fito da su ba lokacinsu ba, kamar mai tallar rigar sanyi a watan Afrilu. Mai kayan ma ya san da nasa hannun a ciki, shi ya sa yake kwashe su ya gwada wata kasuwar. Fulop ba ta bar wannan ƙofar ba. Amma na san ba za a bi tawa ba, don kwantai ba ta da daɗin jifa a fuskar ɗan Manchester ranar Lahadi da yamma.

Akwai ragowar labarin da masu cewa Melbourne ta yi asara ba sa son a kawo, ni ma kuma ba ya min daɗi, don yana ɗan taɓa hujjata. Ƙarshen 2017 ƙungiyar ta miƙa Watts ga Port Adelaide, aka ba ta zaɓi na 31 a daraf. Jama'a suka ce dubi, na ɗaya ya koma na 31. Da wannan lambar suka ɗauki wani siririn ɗan gaba daga Casey ɗin nan da ake tura Watts horo, sunansa Bayley Fritsch, wanda ba wanda ya yi wa shela. A wasan ƙarshe na 2021 a birnin Perth, ranar da Melbourne ta doke Western Bulldogs ta ɗauki kofinta na farko cikin shekara 57, Fritsch ƙwallo shida ya ci.