Fedar babbar ganga: mai sarƙa da mai bel

Fedar babbar ganga ita ce na'urar da mai kiɗa ke takawa da ƙafa domin buga ganga mafi girma a saitin gangunan zamani, wadda ke kwance a ƙasa tana ba da amo mai kauri. Tana da faranti da ake ɗora ƙafa a kai, da sandar ƙarfe mai juyawa a kan boris, da guduma mai kan auduga ko roba ko katako, da sifirin da ke mayar da gudumar baya bayan kowane bugu. Abin da ya haɗa farantin da sandar shi ne ya raba fedoji gida uku: mai sarƙa, mai bel, da mai ƙarfe sandararre wanda ba ya lanƙwasawa. Biyun farko su ne aka fi cin karo da su a majami'u da ɗakunan ɗaukar sauti da wuraren biki a Jos da Abuja, kuma a kansu ne masu kiɗa suka fi yin gardama.

Asali

Kafin a samu feda mai inganci, ƙungiyoyin badujala kan ware mutum guda ga babbar ganga, wani kuma ga ƙarama. An yi ta gwada fedoji iri-iri tun ƙarshen ƙarni na 19, amma wadda ta karɓu ita ce ta William F. Ludwig da ɗan'uwansa Theobald, waɗanda suka fitar da ita a birnin Chicago na Amurka a 1909. Daga nan mutum ɗaya ya iya riƙe saitin gaba ɗaya yana zaune.

Bel ya girmi sarƙa. Shekaru da dama fedojin kamfanoni irin su Gretsch da Camco da Rogers da ɗan tsirin fata ko na nailan suke aiki. Matsalar fata sananniya ce: tana miƙewa, tana bushewa, wata rana kuma ta tsinke ana tsakiyar kiɗa. A shekarun 1970 wani mai gyaran ganguna a birnin New York, Al Duffy, ya fara cire bel ɗin fedar Camco yana maye gurbinsa da sarƙa da faifai mai haƙora. Da kamfanin Camco ya durƙushe, a 1977 kamfanin DW na Don Lombardi ya sayi injinansa, kamfanin Tama na Japan kuma ya sayi sunan. Dukansu biyu suka shiga ƙera feda mai sarƙa, kuma DW 5000 da ta fito daga wannan tushe har yau ana sayar da ita. Cikin 'yan shekaru sarƙa ta zama ruwan dare, bel ya koma zaɓin masu neman wani abu na daban.

Yadda ƙafa ke jin su

Sarƙar feda ƙanwar cen ɗin keke ce: gaɓoɓin ƙarfe ne da aka haɗa da ƙananan ƙusoshi, suna lanƙwasawa gaba da baya amma ba sa yarda su karkata gefe. Wannan taurin na gefe shi ne babban amfaninta. Mai kiɗa da ke ɗaga dunduniya yana sauke nauyin cinyarsa duka a kan faranti, musamman a waƙoƙin yabo masu zafi, yana bukatar farantin ya tsaya cak a ƙarƙashin ƙafarsa, kada ya riƙa rawa hagu da dama. Akwai mai layi ɗaya da mai layi biyu. Mai layi ɗaya ta fi sauƙin nauyi, ita ce kuma ake yawan samu a fedojin da ke zuwa tare da saiti masu araha. Mai layi biyu ta fi tsayuwa da jure duka, sai dai ƙafa na jin ɗan nauyinta.

Bel kuwa ba shi da gaɓoɓi. Tsiri ɗaya ne da ke naɗuwa a jikin faifai yana warwarewa, don haka tafiyarsa sumul take, babu ƙara, babu gurzar ƙarfe da ƙarfe. Wanda ke kiɗa dunduniya a ƙasa, yana taɓa gangar a hankali ƙarƙashin muryar mawaƙa, zai ji gudumar tana bin yatsunsa cikin sauƙi. A ɗakin ɗaukar sauti ma rashin ƙarar nan abu ne mai daraja, domin makirfon da aka kafa kusa da ganga ba ya yafe ƙugin busasshiyar sarƙa. Tsohon zargin da ake yi wa bel na miƙewa ya fi shafar fata. Na yanzu da nailan mai kauri ake saƙa shi, ko da wani zare mai tsananin ƙarfi da ake kira Kevlar, kamar na samfurin Flexi Glide a jerin Iron Cobra na Tama, kuma irin waɗannan miƙewarsu kaɗan ce ƙwarai.

Abu ɗaya suka yi tarayya a kansa: dukansu ja kawai suke iyawa, ba sa turawa. Idan guduma ta dawo da sauri fiye da ƙafa, ko ƙafa ta riga ta, sarƙar ko bel ɗin kan saki na ɗan ƙiftawar ido. Mai ƙarfe sandararre, irin tsohuwar Speed King ta Ludwig ko fedojin Axis, ba ta da wannan sakin, shi ya sa masu kiɗa mai tsananin gudu ke son ta.

Faifan da ake mantawa da shi

Sau da yawa bambancin da mutum ya ji tsakanin fedoji biyu ba daga sarƙa ko bel ya fito ba, daga siffar faifan da suke naɗuwa a kai ne. Idan faifan zagayayye ne kuma sandar ta ratsa tsakiyarsa, gudumar na tafiya daidai da saukar ƙafa tun daga farko har ƙarshe. Idan kuwa mai ƙusumbi ne, nisan da ke tsakanin sarƙa da sanda yana raguwa yayin da faifan ke juyawa, sai gudumar ta ƙara gudu dab da za ta sauka a fatar ganga. DW na kiran na farko Turbo, na biyu Accelerator. Tama na ce musu Rolling Glide da Power Glide. Kamfanin Pearl ya je gaba da haka a fedarsa ta Eliminator, inda faifan ke cirewa a sauya shi da wani, kowanne da launinsa. Duk wanda ya gwada feda mai bel da faifai mai ƙusumbi, ya koma kan mai sarƙa da zagayayyen faifai, sannan ya yanke hukunci a kan bel da sarƙa, bai yi wa ko ɗaya adalci ba. Haka ma taurin sifirin da tsawon sandar guduma da nisanta daga fatar ganga, kowannensu na iya sauya feda fiye da yadda sauya sarƙa zuwa bel zai yi.

A Jos

Jos gari ne na kiɗa. A nan hedikwatar ɗarikun Kirista na ECWA da COCIN suke, kuma da wuya a shiga babbar majami'a a Tudun Wada ko Bukuru ba a tarar da saitin ganguna a gefen mawaƙa ba, ana raka waƙoƙin Hausa da shi. Saitin majami'a kuwa na kowa ne. Ƙwararre zai hau ranar Lahadi, yaran da ke koyo su hau ranar Asabar, a ɗauke shi a bayan mota zuwa taron waje a dawo da shi. A irin wannan hali feda mai sarƙa mai layi biyu da faffaɗan farantin ƙasa da take zaune a kai ita ce ta fi dacewa, domin tana jure ƙafafu da yawa da rashin kulawa.

Sai dai hunturu abokin gabar sarƙa ne. Mutane kan lafta mata giris da niyyar alheri, ƙurar Disamba da Janairu ta bi ta manne, ta zama baƙin kwaɓi mai tsakuwa a tsakanin gaɓoɓi. Idan aka kama irin wannan sarƙar da yatsu biyu aka lanƙwasa, za a ji tana gurza, wata gaɓar ma ta ƙi miƙewa. Maganin shi ne a wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bari ta bushe, a ɗiga man keken ɗinki kaɗan, a goge ragowar da tsumma. Da damina kuma tsatsa ce abin tsoro, idan aka bar saitin a ɗaki mai laima.

Bel ba ya son mai ko kaɗan, ƙura kuma ba ta dame shi ba. Rauninsa na wurin ramin da sukuru ya ratsa shi. Nan zare ke fara fita ɗaya bayan ɗaya, ramin ya faɗaɗa, farantin ya ɗan sauka ƙasa ba tare da an lura ba. Mai hankali kan duba wurin nan kafin kowane taro, ya kuma ajiye wani bel a jakarsa. Idan ya tsinke babu na sauyi, baduku ko shumeka na iya yanka wani daga fata mai kauri ko daga bel ɗin kujerar mota, muddin an kai masa tsohon ya auna tsawo da tazarar ramuka daidai. Sarƙar feda kuwa sau da yawa ta fi ta keke ƙananan gaɓoɓi, don haka ba lallai mai gyaran keke ya samu wadda za ta hau ba.

Wajen saye

Yawancin kayan kiɗa daga Legas suke hawowa, sababbi da na hannu, kuma mai saye ba koyaushe yake samun damar gwadawa ba. Idan ya samu, ya kama farantin da hannu ya girgiza shi gefe da gefe. Rawa mai yawa alama ce ta cinyewar maƙalar dunduniya ko boris, kuma wannan lahani ya fi kowace gardamar sarƙa da bel muhimmanci. Ya ja gudumar baya ya sake ta, ya ga ko za ta yi ta lilo sau da yawa kafin ta tsaya. Wanda ke da fedarsa ta kansa, yana ɗauke da ita duk inda za shi, ya cancanci ya ba bel dama ko da bai saba da shi ba. Wasu samfura, kamar DW 9000, ana iya cire musu sarƙa a ɗaura bel a kan faifai ɗaya, kuma ta haka ne kawai mutum zai ji ainihin bambancin da ƙafarsa.