Haɗa takardun LaTeX da fayil ɗin umarni

Haɗa takarda da fayil ɗin umarni hanya ce da marubucin kundin digiri ko maƙalar bincike ke bi don kwamfuta ta mayar da rubutunsa na LaTeX, manhajar tsara takardu don bugawa, zuwa PDF da umarni guda, ba sai ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya da hannu ba. An fi ganinta a fannin lissafi, injiniyanci da kimiyyar kwamfuta.

Tushen matsalar

Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka ne ya fitar da manhajar tsara rubutu ta TeX a 1978, Leslie Lamport ya gina LaTeX a kansa a farkon shekarun 1980, sannan BibTeX mai tsara jerin manazarta ya fito a 1985 ta hannun Oren Patashnik. LaTeX yana karanta rubutu ne daga sama zuwa ƙasa. Idan a babi na ɗaya marubuci ya yi nuni da wani jadawali da ke babi na huɗu, manhajar ba ta san lambarsa ba tukuna, sai ta buga alamar tambaya biyu a wurin, ta adana lambar a fayil mai ƙarshen .aux idan ta iso gare ta. A zagaye na biyu ne take cike gurbin. Haka ƙumshiya take, da nata fayil na .toc. Shi ya sa tsarin da aka saba shi ne a buga umarnin pdflatex mai fitar da PDF, sai bibtex, sai pdflatex sau biyu. Wanda ya tsallake zagaye guda zai iya kai kundi wurin malamin da ke duba aikinsa da lambobin shafi da ba su dace da ƙumshiya ba.

Make

Stuart Feldman ya rubuta manhajar Make a cibiyar bincike ta Bell Labs a 1976 domin masu rubuta manhaja. A fayil mai suna Makefile ake faɗa masa abin da za a samar, abin da ya dogara a kansa, da umarnin samar da shi, shi kuma ya duba lokacin da aka taɓa kowane fayil. Yana da kyau wajen sabunta zane-zanen da ake fitarwa daga alƙaluman bincike. Amma da LaTeX kansa yakan yi tuntuɓe, domin fayil ɗin .aux ana karanta shi kuma ana sake rubuta shi a kowane zagaye, don haka lokacinsa kullum sabo ne.

Latexmk

Wannan giɓin ne latexmk ya cike. An rubuta shi da harshen Perl, kuma John Collins, masanin fiziks a Jami'ar Jihar Pennsylvania, shi ke kula da shi. Abin da ke cikin fayil yake dubawa: yana adana tambarin lissafi na kowane fayil, wato lambar da ke canzawa idan abin da ke ciki ya canza, a .fdb_latexmk, ya yi ta maimaita zagaye har komai ya daina canzawa, kuma bisa tsarinsa na asali ba ya wuce sau 5. Shi ke gane lokacin kiran bibtex ko biber, wata manhajar tsara jerin manazarta. Umarnin latexmk -pdf yana haɗa takarda, -pvc yana sake haɗawa duk sanda aka adana gyara, -c yana share fayilolin wucin gadi. Ga yawancin kundaye wannan ya wadatar, kuma gara ɗalibi ya fara da shi kafin ya shiga rubuta Makefile. Latexmk yana zuwa tare da TeX Live, ƙunshin manhajojin LaTeX da ake girkawa a kwamfuta. Mai amfani da MiKTeX, wani ƙunshin irinsa, sai ya girka Perl daban. Shafin Overleaf, inda ake rubuta LaTeX a intanet, shi ma da latexmk yake aiki a bayan fage.

A Kaduna

Ga ɗalibin da ya zaɓi LaTeX a Jami'ar Jihar Kaduna, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, babban amfanin shi ne latexmk ba ya buƙatar data da zarar an girka shi. Idan kuma aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu ana tsakar haɗawa, .aux yakan tsaya rabi, sai kurakurai marasa kan gado su yi ta fitowa alhali rubutun lafiya yake. Maganinsa share fayilolin wucin gadi a sake haɗawa.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa. Da pdflatex, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa fitowa sai an ƙara wasu tanade-tanade. XeTeX, wanda Jonathan Kew ya fitar a 2004, yana karɓarsu kai tsaye muddin an zaɓi nau'in haruffa mai ɗauke da su, irin su Charis SIL. Mai kundin da ke da tsakure ko misalai da Hausa zai rubuta $pdf_mode = 5; a fayil ɗin latexmkrc da ke cikin jakar aikin, daga nan duk abokin bincike da ya karɓi jakar ya buga latexmk, da xelatex, wato LaTeX a kan XeTeX, takardar za ta haɗu.