Cin Lido Sau Uku a Jere Ba Shaidar Gwaninta Ba Ce

An daɗe ana cewa wanda ya ci lido sau uku a jere ya fi abokin karawarsa iyawa. Lissafi bai goyi bayan haka ba, domin ko da ƙarfin mutum biyu ɗaya ne, sau 1 cikin 4 ɗayansu zai lashe wasanni ukun duka. Gwaninta tana nan, musamman wajen zaɓen ɗan da za a motsa, amma sai wasanni sun yawaita take bayyana.

Ku rubuta sakamakon wasanni 100 a takarda. Idan ƙarfinku ɗaya ne, galibi kowa zai ci tsakanin 40 da 60, wanda ya haura 60 kuwa, akwai alamar iyawa tattare da shi. Don Allah a tura wa abokan wasa wannan bayani.