Ƙarancin jini: abin da likita ke nufi idan ya ce "ba ki da jini"

Gwaggona da ke Ƙofar Sauri ta kusa shekara tana kukan gajiya. Ta kwana ta tashi jiki a mace, ta share rabin tsakar gida sai ta zauna tana haki, in ta miƙe daga tsugune jiri ya ɗebe ta. Da ƙyar aka shawo kanta ta je asibiti. Ta dawo tana riƙe baki: "Ɗan nan, wai ba ni da jini. Ni da nake shan maganin hawan jini, yaya kuma za a ce jinina ya yi ƙasa?"

Na ce, "Gwaggo, ai hanyar jirgi daban, ta mota daban."

Hawan jini magana ce ta ƙarfin da jini ke bi da shi cikin jijiyoyi, shi ake aunawa da abin nan da ake ɗaurawa a damtse. Ƙarancin jini kuwa yana duban abin da ke cikin jinin ne. Babban mutum na ɗauke da jini wajen lita 5, kuma mai ƙarancin jini na iya kasancewa da litocinsa cif. Abin da ya ragu shi ne jajayen ƙwayoyin jini, ko sinadarin himogulobin da ke cikinsu, wanda ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya rarraba wa gaɓoɓi. Kamar kunun da aka tsinka da ruwa ne: kwano a cike, amma ba ya riƙe ciki. Idan iskar ba ta isa tsoka da ƙwaƙwalwa ba, sai kasala, haki, ciwon kai, bugun zuciya, tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari. Mutum ɗaya na iya haɗa hawan jini da ƙarancin jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: himogulobin ƙasa da giram 13 a kowace desilita ta jini (kashi ɗaya cikin goma na lita) ga namiji, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai juna biyu. A asibitocinmu an fi jin PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi cikin 100 na jinin. Lissafinsa kusan ninki uku ne na himogulobin, don haka macen da aka ce PCV ɗinta 27 tana wajen giram 9 ke nan.

Ɓargo ne ke ƙera ƙwayoyin nan, kowace ta yi kwana 120 ta mutu, wata ta maye gurbinta. Matsala na zuwa ne idan ɓargo ya rasa kayan aiki, ko ƙwayoyin na mutuwa da wuri, ko jinin na yoyo ta wani wuri. Babban kayan aikin shi ne sinadarin ƙarfe, kuma rashinsa ne ya fi kowane dalili yawa a duniya. Mai ciki, mai haihuwa kusa da kusa, budurwar da al'adarta ke zuwa da yawa, yaron da aka yaye da koko zalla, duk suna sahun gaba. Kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara da wasu mata ke yi sau da yawa alamarsa ce. A nan Katsina kuma, daga tsakiyar damina zuwa kaka, zazzaɓin cizon sauro na farfasa ƙwayoyin jinin yara. Tsutsar ciki na tsotsa, tsargiya na fitar da shi ta fitsarin yaran da ke wanka a kududdufi. Mai sikila kuwa ƙwayoyinsa kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi.

Inda nake da ja da mutanenmu shi ne wajen magani. Da an ji "ba jini", sai a haɗa lemon malt da madarar gwangwani, ko a dama zoɓo tunda ja ne. Madara ba ta da wani ƙarfen kirki, haka nonon da muke dama fura da shi, kuma launin abu ba ya komawa jini. Hanta, jan nama, kifi, wake, zogale da alayyafo su ne masu amfani, musamman in an haɗa da lemon zaƙi ko gwaiba. Shayi a kan abinci kuwa yana hana hanji tsotsar ƙarfen (masu zaman teburin mai shayi, sai haƙuri). Ƙwayar ƙarfe da ake bayarwa a asibiti tana sa bayan gida ya yi baƙi, ba abin tsoro ba ne, kuma watanni ake yi ana sha. Mai sikila kada ya sha sai likita ya ce, don ƙarfen na iya taruwa ya yi masa yawa, balle in ana yawan yi masa ƙarin jini.

Ba kowace gajiya ce ta jini ba. Ciwon suga, tarin fuka, ciwon hanta, raunin tayirod (ƙullin nan na gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo) da ciwon damuwa duk suna kashe jiki haka, shi ya sa ake fara da gwaji.

Ga mace irin Gwaggo da ta daina al'ada tuntuni, likita ba ya tsayawa a kan ƙwayar ƙarfe, sai ya nemo ta inda jinin ke tafiya. An duba ƙodarta, domin ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jini, kuma hawan jini na lalata ta. Aka tarar lafiya lau. Ashe maganin ciwon gwiwa ne da take aiken jikokinta kemis su sayo mata, kullum biyu safe biyu dare, ya ci mata tumbi har yana tsattsafar da jini kaɗan-kaɗan ba ta sani ba. An hana ta shi, aka sa ta a maganin gyambon ciki. Da aka sake aunawa bayan wata biyu PCV ɗin ya hau, yanzu faɗan da take yi na gwiwar ne.