Kafin Ku Sake Tambayata Kan Karatun Tarihin Jaz

Shekaru ke nan ina tara littattafan tarihin kiɗan jaz, kuma duk wanda ya ji haka sai ya zo da tambayoyin da na riga na amsa wa na gabansa. Ga su nan a wuri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a sake turo mini.

Da wane littafi zan fara?

Fara da kunne tukuna. Nemi "West End Blues" da Louis Armstrong ya naɗa a 1928, minti uku ne da 'yan kai. Ƙahonsa ne kaɗai ke buɗe kiɗan, ba ganga ba fiyano, yana hawa yana gangarowa na 'yan daƙiƙu kafin sauran makaɗan su shigo. Saurara sau uku. Bayan nan ka ɗauki The History of Jazz na Ted Gioia, wanda ya fara fitowa a 1997. Ya ishe ka shimfiɗa.

A ina jaz ya samo asali?

New Orleans, kudancin Amurka, a hannun baƙaƙen fata, wajen farkon ƙarni na 20. Babu littafin da bai faɗi wannan a babinsa na farko ba.

Wa ya ƙirƙiro shi?

Ba mutum ɗaya ba ne. Jelly Roll Morton, wani mai fiyano, ya ce shi ne ya ƙirƙiro shi a 1902. Takardar baftismarsa kuwa ta nuna an haife shi a 1890. Yi lissafin da kanka.

Sai na iya karanta rubutun kiɗa kafin in fahimci littattafan?

A'a. Inda marubuci ya shiga zanen alamomi, tsallake, ka kunna faifan da yake magana a kai.

Na karanta littattafai biyu sun saɓa wa juna. Wanne zan gaskata?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da amsa guda da za ta yi aiki ko'ina.

Abu na farko, kada ka ɗauka cewa tunda makaɗi ne ya ba da labarin kansa, to magana ta ƙare. Armstrong ya rayu har ya rasu a 1971 yana cewa an haife shi ranar 4 ga Yuli, 1900, wato ranar bikin 'yancin Amurka. Sai a shekarun 1980 aka gano rajistar coci da ta nuna 4 ga Agusta, 1901. Ban ce ƙarya ya yi ba. Yaron da ya tashi cikin talaucin da ya tashi, mai yiwuwa ranar da aka faɗa masa ke nan ya riƙe. Haka littafin rayuwar mawaƙiya Billie Holiday na 1956, wanda wani ɗan jarida, William Dufty, ya taya ta rubutawa: ya buɗe da labarin auren iyayenta, alhali bincike ya nuna ba su taɓa yin aure ba. To a jefar da irin waɗannan littattafai ke nan? Ko kusa. A cikinsu ne za ka ji yadda yunwa take, yadda ake hana mawaƙiya shiga ta ƙofar gaba ta otal ɗin da za ta yi waƙa a ciki. Wannan babu rajistar da za ta ba ka shi.

Abin da nake yi, kuma ban ce dole kowa ya bi ba: idan saɓanin kan rana ne, ko shekara, ko wa ya buga wane kayan kiɗa a wane faifai, ina fifita mai binciken da ya nuna takardar da ya dogara da ita. Idan kuwa kan yadda abu ya kasance a zuciyar mutum ne, ina fifita wanda aka yi a gabansa. Da fensir nake karatu, duk inda na ga "an ce" ba tare da an faɗi wanda ya ce ba, sai in ɗiga alamar tambaya a gefen shafi. Akwai littafin da gefensa ya yi baƙi da fensir kafin in kai rabi.

Amma ko wannan ƙa'idar tana da iyaka. Ɗauki Buddy Bolden, wanda ake kira sarkin masu busa ƙaho na farko a New Orleans. An kai shi asibitin masu taɓin hankali a 1907, a can ya rasu a 1931. Hotonsa ɗaya tak aka sani, kuma babu faifansa ko ɗaya a hannun kowa. Shekaru ana kwafar cewa wanzami ne mai buga jaridar tsegumi, har Donald Marquis ya bi takardun birnin, ya fitar da littafi a 1978 da ya nuna babu hujjar hakan. Littattafai goma da suka kwafi juna, shaida ɗaya ce, ba goma ba. Haka farkon bibop, wani salon jaz mai sauri: ƙungiyar makaɗan Amurka ta hana mambobinta naɗa wa kamfanoni faifai daga 1942 zuwa 1944, daidai lokacin da su Charlie Parker da Dizzy Gillespie ke ƙulla sabon salon. Da yawa daga abin da ya faru a dararen Harlem, unguwar baƙaƙen fata a New York, bakin waɗanda suka halarta kawai ya rage, kuma kowa da nasa. A irin wannan wuri ka riƙe ruwayoyin duka biyu, ka san wa ya faɗi kowacce, kada ka matsa wa kanka sai ka yanke hukunci.

Gaskiya ne Turawa ne suka fara shi, tunda su ke kan faifan farko?

Faifan farko na 1917 na Original Dixieland Jass Band ne, kuma farare ne, haka ne. Su aka fara buɗe wa ƙofar ɗakin naɗi. Kiɗan ya girmi faifan.

Wane littafi ne ya fi ba da labarin shaye-shayen makaɗan jaz?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai. Mutum bai taɓa zama ya saurari Parker na minti biyar ba, amma ya haddace cewa ya rasu a 1955 yana da shekara 34, jikinsa ya lalace har likita ya zaci ya haura hamsin. Eh, haka aka yi, kuma abin tausayi ne. To ina labarin aikin? Shi da bakinsa ya ce akwai shekarun da yake yin awa 11 zuwa 15 a rana yana gwajin busa. Idan abin kunyar mutane kake nema, ba tarihin kiɗa kake karantawa ba.

Babu mata ne sai mawaƙa?

Akwai. Lil Hardin ce ke fiyano a ƙungiyar Hot Five ta Armstrong. Mary Lou Williams ta tsara wa manyan shugabannin ƙungiyoyin jaz, Duke Ellington da Benny Goodman, kiɗa. Littafin da bai ambace su ba, ka san yana da giɓi.

Yana da wata alaƙa da mu?

Yana da ita, amma a bi a hankali. A filin Congo Square na New Orleans, bayin da aka kwaso daga Afirka kan taru ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa. Wannan jijiya ce ta gaske. Sai dai jaz a Amurka aka haife shi, da waƙoƙin coci da kiɗan bulus (blues) na baƙaƙen Amurka da badujalar soja a jikinsa, don haka kada a ce kalangu ne aka sauya wa suna. Alaƙa ta kusa da za ka iya bi ita ce ta Yusef Lateef, mai busa saksafon da sarewa, Musulmi, wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a farkon shekarun 1980 yana bincike kan sarewar Fulani.

Turancina ba shi da ƙarfi. In haƙura?

Kada ki haƙura, 'yar'uwa, ke ce kika fi yi mini wannan tambayar. Ɗauki Satchmo: My Life in New Orleans na 1954, wanda Armstrong ya rubuta da kansa. Turancinsa mai sauƙi ne, kamar yana ba ki labari a tsakar gida. Shafi biyar a rana ya isa, ki ajiye ƙamus kusa, in kin gaji ki kunna faifansa.