Itacen bedi da renonsa a busasshiyar ƙasa

Bedi, wanda a wasu wurare ake kira dogonyaro, darbejiya ko maina, itace ne mai ɗanyen ganye rani da damina, mai farin fure mai ƙamshi, mai jure fari. Sunansa na kimiyya Azadirachta indica, kuma dangi ɗaya suke da maɗaci. Asalinsa daga ƙasashen Indiya da Bama (Myanmar) yake. An shigo da shi Najeriya ta Borno a 1928, daga nan ya bazu har ya zama itacen da ya fi kowane yawa a bakin titunan Katsina da Daura, da harabar makarantu, da ƙofar gidaje.

Kamanni

Tsayinsa yakan kai mita 15 zuwa 20. Ganyensa ƙanana ne masu baki kamar zarto, jere a kan tsinke ɗaya, ga ɗaci. Ba ya tsiraita kamar kuka ko gawo, sai dai in fari ya yi tsanani ya zubar da wani sashe na ganyen, ya sake tohowa ba da jimawa ba. Furen bai wuce santimita ɗaya ba, yana fitowa gungu-gungu a zangarniya mai rausaya ƙasa. Ƙamshinsa mai kama da na zuma ya fi tashi bayan magariba, musamman da bazara, lokacin da ake kwana a tsakar gida. Da safe kuma sai a tarar da ƙasan itacen ta yi fari fat da furen da ya zubo, ƙudan zuma na ta kai-komo a sama. A Afirka ta Yamma yakan yi fure sau biyu, 'ya'yan su nuna wajen Maris da Afrilu, sannan Yuli da Agusta. Yana fara 'ya'ya yana da shekara uku zuwa biyar.

Ƙasa da wuri

Bedi na rayuwa inda ruwan shekara ya kama daga milimita 400 zuwa 1,200, don haka ruwan arewacin Jihar Katsina, wanda ke kusan 600, ya ishe shi. Ƙasar jigawa mai yashi ta fi yi masa daɗi, yana kuma haƙuri da ƙasa mai tsakuwa. Abin da ba ya so shi ne kwanciyar ruwa: a fadamar da ruwa ke daɗewa, saiwar ta ruɓe, ganyen ya yi rawaya, itacen ya mutu a tsaye. A fako ko inda marmara ke kusa, sai an fasa ta da diga, in ba haka ba ya tsumbure.

A cikin gida a ba shi aƙalla mita shida daga katanga, rijiya da ramin masai. Saiwoyinsa na gefe suna bin danshi, su ɗaga siminti, su tsaga gini. A lambu kuwa gefe ya dace da shi, domin inuwarsa mai duhu ce, yana kuma kwashe ruwan kayan miya da ke kusa.

Iri da reno

Nan ne mafi yawan masu gwadawa ke faɗuwa. Irin bedi ba ya ajiyuwa kamar gero. Cikin 'yan makonni ƙarfin tsirarsa ke raguwa, wanda ya yi watanni a buhu kuwa sai dai a matse mai. A tsinci 'ya'yan da suka yi rawaya, a murje ɓawon da naman cikin ruwa, a shanya a inuwa kwana biyu ko uku, a shuka cikin mako biyu. Wanda jemagu suka tsotse suka yar a gindin itace ma yana da kyau, tunda sun riga sun wanke shi.

Ana cika baƙar ledar reno da ƙasa kashi biyu, yashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki ɗaya, a huda ƙasanta. A sa ƙwaya biyu a zurfin santimita ɗaya zuwa biyu, a riƙa ban ruwa safe da yamma. Yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa uku, sai a cire mai rauni a bar ɗaya. Duk bayan mako biyu a ɗaga ledar a gusa ta, don kada saiwar tsakiya ta huda ta kama ƙasa. In ta kama aka fizge ta ranar dashe, dashen zai yi yaushi, wani lokaci bai farfaɗowa. Bayan wata uku zuwa huɗu, in ya kai santimita 30 zuwa 50, ya isa dashe. Ke nan wanda ya shuka a Afrilu zai dasa a Yuli.

Dashe da shekaru biyun farko

Juriyar bedi ga fari daga doguwar saiwarsa take, ita kuwa ba ta kaiwa ga danshin ƙasa sai bayan rani ɗaya ko biyu. Kafin nan ɗan dashe bai fi kowane tsiro ƙarfi ba. Shi ya sa ake dasawa da zarar ruwa ya zauna, ba a jira sai ƙarshen Agusta, lokacin da saura makonni kaɗan damina ta ɗauke.

A haƙa rami santimita 50 faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da kwano ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu yana kiran gara, yana kuma ƙona saiwa. A yanke ledar da reza ba tare da an farfasa ƙasar ba, a binne daidai inda ƙasa ta tsaya masa a leda, a danne, a yi masa ɗan kwari a gindi. Da rani na farko bokiti ɗaya sau biyu a mako ya wadatar. Ban ruwa kaɗan-kaɗan kullum kuskure ne, don yana sa saiwa ta tsaya a sama maimakon ta nutsa.

Ɗacin ganyen bai hana awaki da raƙuma. Da rani, in babu wani kore, akuya za ta cinye kan dashen ta ɓare bawon. Kewayen tubali mai ramuka ko shingen ƙaya dole ne har sai itacen ya wuce tsawon mutum. Gara kuma takan hau wanda ƙishi ya galabaitar. Toka a gindi na rage ta, amma maganinta na gaskiya shi ne kada a bar shi ya bushe.

Don tare iska ana jera shi layi biyu, mita huɗu tsakani. Haka aka yi a kwarin Majiya na Jamhuriyar Nijar tun daga 1975, inda aka bar mita 100 tsakanin jeri da jeri ana noman gero da dawa a ciki.

Datsa da cututtuka

Bedi na jure sara ƙwarai, ko an gundule shi yana sake tohowa. Sai dai mai son fure ya sani cewa itacen da ake aske wa kai duk shekara ba ya yin furen kirki. Ya fi kyau a rage rassan ƙasa da waɗanda suka hau kan rufi kafin iskar farkon damina. In kauci ya kama reshe, a sare shi can ƙasa da inda ya liƙe. Akwai kuma wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye yana tsotse ruwansa, wanda ya yi ɓarna a yankin Tafkin Chadi a shekarun 1980. Alamarsa ganye ya bushe kamar an babbaka.

Amfani

Bayan inuwa da ƙamshi, ana asuwaki da tsinkensa, ana sirace da ganyensa, iccen kuma gara ba ta cika cinsa ba. Ƙwayar irin na ɗauke da sinadarin azadirachtin mai hana ƙwari ci da hayayyafa. Ana daka ƙwaya giram 50, a jiƙa cikin lita ɗaya ta ruwa ta kwana, a tace, a fesa wa wake ko kuɓewa da yamma, domin rana na kashe ƙarfinsa. Mililita biyu zuwa uku na man bedi a kilo ɗaya na wake yana kare shi daga ƙwarin ajiya na wasu watanni. Man ba na sha ba ne, kuma haɗari ne babba a ɗura wa jariri ko ƙaramin yaro.