Me ake nufi da ƙarfafa tsohon gini don jure girgizar ƙasa?

Tun bayan girgizar ƙasar da ta auka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta hallaka mutane sama da 50,000, ake yawan jin injiniyoyi suna maganar ƙarfafa tsofaffin gine-gine. Wasu kan ɗauka sabon yaɓe da fenti ake nufi, alhali aikin ya shafi ƙashin bayan ginin ne, wato harsashi da ginshiƙai da bango da rufi, da yadda suke riƙe da juna.

Galibin gidaje an tsara su ne don ɗaukar nauyin da ke danno su daga sama, ita kuwa girgizar ƙasa gefe da gefe take kaɗa gini, shi ya sa bangon da ya shekara hamsin a tsaye kan iya kifewa cikin daƙiƙoƙi. Saboda haka ake farawa da bincike. Injiniya yakan nemi zanen ginin na asali, ya bi tsagewar bango, ya gwada taurin kankare, wani lokaci har ya huda ginshiƙi ya ciro ɗan guntu a kai ɗakin gwaji, sannan ya laluba da na'ura ya ga yawan rodin da ke ciki da yadda aka ɗaure shi. Ginin da ya fi tayar masa da hankali shi ne benen da aka cire bangon ƙasansa aka mayar da wurin shaguna, domin duk nauyin sama ya koma kan 'yan siraran ginshiƙai.

Sai sakamakon binciken ya fito ake zaɓar magani. Akan yi wa ginshiƙi riga da sabon rodi da kankare, ko a ƙara bangon kankare daga harsashi har sama, ko a gicciya ƙarafa tsakanin ginshiƙai. A ginin ƙasa kuwa, akan zagaye saman bango da ɗamara ta kankare ko katako, a ɗaure kusurwoyi, a rage nauyin rufi. Girgizar Maroko ta 8 ga Satumbar 2023 ta nuna amfanin hakan, domin ƙauyukan duwatsun Atlas, inda ake gini da ƙasa da dutse, su ne suka fi jigata.

A nan gida, Sakkwato ba ta cikin yankunan da aka sani da girgiza mai ƙarfi, kodayake an ji motsin ƙasa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018. A ganina, binciken ne ya fi shafarmu. Wanda ya ɗora bene kan gidan da aka yi wa harsashin hawa ɗaya, ko mai tsohon soro na tubali da azara da damina ta jiƙe gindinsa, irin wannan awon yake buƙata kafin ya kira magini.